Karnen Asibiti Ba Takardar Naɗe Ƙosai Ba Ne

Makon jiya na raka Gwaggo wajen likitan ido a nan Garwa. Shekara uku ke nan tana ɗiga magani saboda hawan jinin ido. Likita ya miƙa hannu yana neman karne, wato littafin asibiti, ya ce, "Hajiya, ina karnenki?" Ta ce, "Ai ɗana, jikoki sun yage shi, na sayi sabo a bakin ƙofa." Sabo fil, ko ɗigon biro babu. Sunan maganin fa? "Mai ƙaramar kwalba ne." Haka aka koma farko da awo, kuɗi sun tafi, kuma babu mai iya cewa idon ya samu sauƙi ne ko ƙara lalacewa ya yi.

Wannan sakaci ya yi mana yawa. Mutum zai adana rasiɗin babur shekara goma cikin leda, amma takardar idonsa tana ƙarƙashin tabarma.

Wancan rubutun likita da muke cewa kaza ce ta yi tono, kowane layi da aikinsa. OD idon dama ne, OG na hagu. 10/10 gani lafiyayye ne, 1/10 kuwa ya yi rauni ƙwarai. PIO matsin cikin ido ne, wanda yawanci ke tsakanin 10 da 21. Wani lokaci za ka ga H40 ko H25: lambobin cututtuka ne na kundin Hukumar Lafiya ta Duniya, na farko hawan jinin ido, na biyu yanar tsufa. Ko Yola ka tsallaka, inda ake rubutu da Turanci, lambar ba ta canzawa.

Ita yanar ido ana cire ta gani ya dawo. Abin da hawan jinin ido ya cinye kuwa ya tafi ke nan, kuma a ɓoye yake ci, sai an jera awon bara da na bana ake kama shi. Wanda ya jefar da karne, wannan jerin ya jefar. Daga nan sai kasuwa, a sayo maganin jan ido da ka, alhali wasu cikinsu ƙara matsin suke yi.

Jama'a, a riƙe karne ɗaya, idan ya cika a ɗinke shi da sabon. Kafin ka tashi daga gaban likita, roƙe shi ya rubuta sunan ciwon, da idon da ya kama, da ranar dawowa. Mai waya ya ɗauki hoton kowane shafi. Ku da ke raka tsofaffi asibiti, wannan aikin naku ne.