Gaskiya ko Jita-jita: Maganganu Shida Kan Ƙungiyoyin Karkara a Ƙasar Gumel

Duk wanda ya zauna majalisa a Gumel bayan sallar isha'i, ko ya tsaya a kara ranar Alhamis a kasuwar Maigatari, ya ji ana taɓa zancen ƙungiya. Wannan ya ce ya sayi fom shekara biyu ke nan bai ga ko sisi ba. Wancan ya ce shugabanninsu sun cinye kuɗin taki. Wani kuma ya rantse cewa ba don ƙungiyarsu ba, da famfon tuƙa-tuƙan garinsu yana nan a lalace har yau.

Ƙananan hukumomi huɗu na masarautar Gumel, wato Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, ƙasa ce ta tudu da rairayi, damina gajera, rani dogo. Abincin mutane gero da dawa da wake, kuɗinsu riɗi da zoɓo da dabba. A irin wannan wuri manomi ɗaya ba ya iya haƙa burtsatse, ba ya iya cika mota da riɗi shi kaɗai balle ya yi ciniki da ƙarfinsa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Don haka muka ɗauki maganganu shida da suka fi yawo a bakin jama'a, muka auna kowace da abin da ya tabbata.

1. "Ƙungiya baƙon abu ce, Turawa suka kawo ta."

Tun kafin a san takarda da hatimi, Bahaushe yana da gayya. Mai gona ya kira, samari su fito da fartanya da kiɗa, a nome gonar da za ta ci mako cikin yini ɗaya. Mata suna da adashi da biki. Maƙera da mahauta da manoma kowa da sarkin sana'arsa mai sasanta rigima da tsawatar wa mai ha'inci. Abin da zamani ya ƙara shi ne littafi da rajista da asusun banki.

Akwai ma tsarin da ya tashi daga ƙasar Hausa ya shiga duniya. A 1991 ƙungiyar CARE ta fara aiki da matan ƙauyukan Maraɗi a kan wani tsari da aka raɗa wa suna Mata Masu Dubara. Harsashinsa adashin da matan suka gada. Gyaran da aka yi masa kaɗan ne: maimakon mace ɗaya ta kwashe zubin mako, sai a tara a akwati, mai bukata ta ranta ta yi sana'a ta mayar, a ware wani abu domin rashin lafiya ko rasuwa, in shekara ta zagayo a raba. Yau miliyoyin mutane a ƙasashen Afirka da Asiya suna bin wannan tsari, kuma a Nijar har yanzu da sunansa na Hausa aka san shi.

Hukunci: jita-jita.

2. "In ba a yi rajista a Abuja ba, ƙungiya ba ta halatta ba."

Sashe na 40 na tsarin mulkin Nijeriya na 1999 ya ba kowane ɗan ƙasa 'yancin haɗuwa da wasu su kafa ƙungiya domin kare muradunsu. Mutum ashirin a wani ƙauye na Sule Tankarkar da suka yarda su riƙa zuba kuɗi duk Juma'a domin gyaran rijiya ba su karya wata doka ba.

Rajista hawa-hawa ce, kowace da amfaninta. Ƙungiyar taimakon kai da kai takan fara da sashen raya al'umma na ƙaramar hukuma. Manoma ko 'yan kasuwa masu son sayen kaya tare da sayarwa tare, hanyarsu ita ce ƙungiyar gama kai. Dokar ƙungiyoyin gama kai ta 1993 ta yarda mutum 10 su kafa ta, kuma a jiha ake yi mata rajista. Rajistar hukumar CAC, a ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 2020, ta masu son ƙungiyarsu ta mallaki fili ko gini da sunanta ce, ta kai ƙara ko a kai ta. Wannan sai an naɗa amintattu, an buga sanarwa a jarida, an jira kwana 28 ko wani zai kawo ƙorafi. Abu ne mai kyau ga ƙungiyar da ta yi ƙwari, amma ƙaramar ƙungiya da ta ƙarar da jarinta wajen neman wannan takarda ta sayi linzami ne tun ba ta da doki.

Hukunci: jita-jita.

3. "Da an yi rajista, tallafi zai zo."

Wannan magana ta fi kowace kashe ƙungiyoyi. Asalinta ba ɓoyayye ba ne. Shirin Fadama, wanda aka fara a farkon shekarun 1990 da rancen Bankin Duniya, da shirye-shiryen asusun IFAD na raya karkara da Jigawa ta shiga, duk ta hannun ƙungiyoyi suka bi. Da mutane suka ga haka, sai aka shiga kafa ƙungiya duk lokacin da aka ji ƙishin-ƙishin wani shiri. A rubuta sunayen 'yan gida ɗaya, a jira. In kaya bai zo ba a watse, in ya zo a raba a watse.

Abin da aka manta shi ne, ko a Fadama ba kyauta zalla aka yi ba. Ƙungiyar da ke son injin ban ruwa ko injin niƙa sai ta rubuta tsarin abin da take bukata, ta kuma zuba nata kason kafin a cika mata. Da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Babbar shaidar cewa gari yana iya yi wa kansa aiki ba tare da jiran tallafi ba a jiharmu take. A watan Oktoba na 2022 aka ayyana Jigawa a matsayin jiha ta farko a Nijeriya da dukkan ƙananan hukumominta 27 suka rabu da yin bahaya a fili, ciki har da huɗun nan namu. Hanyar da aka bi, da haɗin gwiwar hukumar ruwa da tsafta ta jiha da UNICEF, ita ce a tara mutanen gari su zaga da ƙafarsu su ga inda ƙazanta take, su ga yadda ƙuda da ruwan sama ke mayar da ita cikin abinci, sannan su yanke wa kansu shawara. Magidanta suka haƙa masai da guminsu, kwamitocin gari suka bi gida-gida, hakimai da bulamai da limamai suka tsaya a kai. Riƙe wannan matsayi ma aikin kwamitocin ne, domin masai a ƙasa mai rairayi yakan rufta da damina, sai an sake haƙawa.

Sai a yi hattara da masu yawo da fom suna karɓar kuɗi da alkawarin tallafi. Kafin a ba kowa kuɗi, a tambayi malamin gona na hukumar JARDA ko ofishin ƙaramar hukuma ko sun san da shirin.

Hukunci: jita-jita, kuma mai cutarwa.

4. "Taron bita kuɗin mota ne kawai, horo ba ya cika tumbi."

A nan akwai ƙamshin gaskiya. An sha yin taro a ɗaki mai sanyi a babban gari, a yi jawabi da Turanci, a raba takarda da alawus, a koma gida babu abin da ya sauya. Wanda ya ce irin wannan bai amfane shi ba bai yi ƙarya ba.

Amma a duba ƙetaren iyaka. A 1983, a yankin Maraɗi, wani malamin gona ɗan Ostireliya mai suna Tony Rinaudo ya lura cewa ƙananan tsirran da manoma ke sarewa lokacin sharar gona tohon kututturen itatuwa ne masu saiwa a raye. Abin da aka koya wa manoma bai fi a faɗa cikin numfashi ɗaya ba: kada ka sare duka, zaɓi rassa kaɗan masu ƙarfi ka bari, ka datse sauran, ka kare su. Manoma suka kira shi sassaben zamani, maƙwabci ya gani a gonar maƙwabci ya kwaikwaya. Masu bincike sun ƙiyasta cewa an farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 da itatuwa wajen miliyan 200 a Nijar, mafi yawa a jihohin Maraɗi da Damagaram. Wanda ya bi hanyar Magarya ko Matamaye ya ga gawo a tsaye cikin gonakin gero. Gawo yana zubar da ganye da damina, saboda haka ba ya rufe shuka da inuwa, ganyensa taki ne, 'ya'yansa abincin dabba ne da rani. Ƙasarsu da tamu iri ɗaya ce, dangi ma ɗaya ne, domin sarautar Gumel kanta daga Tumbi ta taso, kuma Tumbi a Nijar take yanzu.

Haka buhun PICS na ajiyar wake, wanda masana na jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙiro aka fara yaɗa shi a 2007. Leda biyu ce a ciki da buhu ɗaya a waje. In an ɗaure kowace da kyau iska ba ta shiga, ƙwari su mutu ba tare da an zuba magani ba. Yadda aka koyar da shi shi ya sa ya karɓu: a cika buhu a gaban jama'a a dandalin gari, a ɗaure, bayan watanni a dawo a buɗe kowa ya sa hannu ya duba. Gani ya kori ji. Manomin da ya iya wannan ba dole ya karyar da wakensa da kaka ba, yana iya jira har farashi ya tashi.

Hukunci: rabi gaskiya. Horon da aka yi a gona, da Hausa, da hannu, yana cika rumbu.

5. "Shugabanni ne ke cinye kuɗin."

Wannan yana faruwa, kuma musunsa zalunci ne ga waɗanda aka cuta. Sai dai in aka bi diddigi, kusan kullum hanyar ɓarnar ɗaya ce: kuɗi a aljihun mutum ɗaya, babu littafi, babu ranar taro, shugaba ba ya sauka, 'yan ƙungiya kuma suna jin nauyin tambaya saboda shi babba ne ko suruki ne. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Maganin ma sananne ne, kuma ƙungiyoyin adashin mata irin na Mata Masu Dubara sun daɗe da shi. Akwati mai kwaɗo uku, makullan a hannun mutum uku, akwatin a gidan na huɗu. Ba a buɗewa sai a gaban kowa. A ƙirga kuɗi a fili, a faɗi jimla da ƙarfi domin wanda bai iya karatu ba ya riƙe a ka. A sake zaɓen shugabanni duk shekara. In kuɗin a banki yake, kada a fitar sai da sa hannun mutum biyu ko uku. Addini ma ya riga ya shimfiɗa wannan ƙa'ida, domin aya mafi tsawo a Alƙur'ani, a cikin Suratul Baƙara, umarni ce da rubuta bashi da kafa shaidu. Neman a karanta littafin ma'aji kariya ce ga mutuncin ma'ajin kansa.

Hukunci: gaskiya ne a inda aka bar ƙofa a buɗe, jita-jita ne in an ce kowace ƙungiya haka take.

6. "Kai kuka ga hukuma adawa ce, kuma talaka ba a jin maganarsa."

Mutanen Gagarawa suna da abin faɗa a nan. A shekarun 2016 da 2017, lokacin da batun ba wani kamfani fili mai faɗin hekta 12,000 domin noman rake ya taso, manoman yankin sun koka kan gonakinsu na gado da kan diyya. Ko wane ɓangare mutum ya goya wa baya, abu ɗaya ya fito fili: maganar ta kai jaridu da gidajen rediyon ƙasa ne saboda ƙauyuka sun yi ta da murya ɗaya. Da mutum ɗaya ne ya je sakatariya shi kaɗai, da a bakin ƙofa za ta tsaya.

Doka ta ba da ƙofofi da yawancinmu ba ma ƙwanƙwasawa. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta ba gwamna ikon karɓar fili domin amfanin jama'a, amma ta kuma wajabta biyan diyyar amfanin gona da gine-ginen da ke kai. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba kowa damar rubuta wa ma'aikatar gwamnati ya nemi bayani, ta kuma ba ma'aikatar kwana 7 ta amsa. Makarantun firamare suna da kwamitin gudanarwa da ya ƙunshi iyaye da mata da masu unguwa, mazaɓu kuma suna da kwamitin raya lafiya mai sa ido a kan ƙaramin asibiti. Kujerun nan na mutanen gari ne, in ba su zauna ba wasu za su zauna da sunansu.

Kukan da ake saurara yana da kama. A rubuce yake, da sunan ƙungiya da kwanan wata. Ya faɗi abu ɗaya: famfo kaza ya lalace tun wata kaza, gida kaza ke sha daga gare shi, mun tara kaza, muna neman cikon kaza. An biyo da shi ta hannun bulama da hakimi da kansila, an ajiye kwafi, an koma bayan mako biyu. Babu zagi, babu tutar jam'iyya. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma mai gyara yana bukatar a nuna masa wurin.

Hukunci: jita-jita.

Kira ga mai karatu

Ɗan'uwa, 'yar'uwa, in kana cikin ƙungiya, je taro na gaba ka biya kuɗin wata, ka nemi a karanta abin da ya shiga da abin da ya fita. In an tura ka horo, kada ka kwana uku ba ka tara mutane ka nuna musu abin da ka koyo ba. In garinku babu ƙungiya, ku fara da mutum goma da littafi ɗaya da aiki ɗaya da za ku iya gamawa kafin damina. 'Yan bokon ƙasar Gumel da ke Dutse da Kano da Abuja kuma, ku taimaka da rubuta takarda da bin sawunta a ofis, ku bar shugabanci a hannun mazauna gari. Allah Ya albarkaci guminmu, Ya haɗa kanmu a kan abin da zai amfani ƙasar Gumel.