Tsutsar Da Ke Ƙara In An Taɓa Ta

'Yan'uwana mata, da ku 'yan makaranta, zancenmu na wannan mako a kan wata tsutsa ne wadda ke ba mutane tsoro a banza. Masu zuwa tsinkar tumatir da gauta a fadamun Gulbin Rima wajen Sabon Birni, ko na Bunsuru wajen Isa, wataƙila sun taɓa gamuwa da ita. Ƙatuwa ce, kaurinta ya kai babban yatsa, ga ƙaho a bayanta. In aka girgiza reshen da take kai, sai ta ɗaga gabanta ta riƙa yin ƙas-ƙas-ƙas. Mace na jin haka sai ta yar da kwando ta ja da baya, wata ma ta ce abin ba na lafiya ba ne. To, na lafiya ne sarai.

Ga yadda za ku shaida ta. In ta gama girma tsawonta yakan kai inci 5. Launinta iri uku ne: akwai koriya, akwai rawaya, akwai mai ƙasa-ƙasa, amma duk tsutsa ɗaya ce. Koriyar da rawayar suna da zane 7 a kowane gefe, shuɗi-shuɗi, a karkace, suna haɗuwa a gadon baya. Jikinta sumul, ba gashi ko ɗaya. Babbar alama ita ce ƙahon nan na wajen wutsiya. Yana da kaushi kamar an barbaɗa masa tsaki, ya lanƙwasa ƙasa sa'an nan bakinsa ya sake juyowa sama. Akwai 'yar'uwarta da ke cin ganyen dankali, ita ma da ƙaho, amma nata santsi gare shi, lanƙwasarsa kuwa ɗaya ce. Sau da yawa ma kashinta za ku fara gani a gindin shuka, baƙi, kamar ƙwayar wake, kafin ku hango ta, don ta iya sajewa da ganye ƙwarai. Abincinta ganyen tumatir ne, da gauta, da dankalin Turawa, da taba, da zaƙami.

Ƙarar fa daga ina? Tsutsa ba ta da maƙogwaro irin namu. Muƙamuƙanta ne masu tauri, waɗanda take yankan ganye da su, take gogawa da juna. In aka matsa mata takan kai cizo, amma ba ta da dafi, ƙahon kuma ba ya harbi. Burga ce take yi wa tsuntsu ko ƙadangaren da ya zo cin ta.

Wadda ta fi kowa bin diddigin wannan al'amari mace ce, abin da ya kamata 'yan matanmu su ji da kyau. Sunanta Farfesa Jayne Yack, tana koyarwa a Jami'ar Carleton a birnin Ottawa na ƙasar Kanada. A shekarar 2016 ita da abokan aikinta suka ba da labarin gwajin da suka yi wa tsutsotsi iri 61 na wannan dangi da na masu saƙar siliki. Sukan ɗan matse tsutsa da hantsaki, kamar yadda bakin tsuntsu zai yi, su ɗauki sautin da na'ura. Kashi ɗaya cikin uku suka yi ƙara, ƙarar kuwa iri 4 ce. Waɗansu irin tamu ne masu ƙas-ƙas, waɗansu suna yin tsuwwa, waɗansu iska suke turowa ta baki. Akwai kuma mai fito! Wannan a Amurka take. Takan takure jikinta, iska ta fito ta ƙofofin numfashi biyu da ke gefenta can wajen wutsiya. Da aka ajiye ta gaban ƙananan tsuntsaye, tana yin fiton nan sai su firgita su yi tsalle gefe. Sun kuma lura masu ƙas-ƙas da yawa sukan biyo da aman wani ruwa mara daɗi, watau ƙarar kashedi ce: in ka ci ni, ba za ka ji daɗi ba.

Uwar tsutsarmu ma abin kallo ce. In tsutsar ta ƙoshi sai ta sauka ta haƙa rami ta shige, ta zama wani abu ja-ja mai tauri kamar dabino. Bayan 'yan makonni sai ta fito da fukafukai, ƙatuwar faɗa-wuta, da wani zane a bayanta kamar ƙoƙon kan mutum. Saboda zanen nan Turawan da suka ɗauke ta alamar mutuwa, don kada ku ce mu kaɗai ke da camfi. Masana suna kiranta Acherontia atropos. Ita ma in an kama ta takan yi tsuwwa kamar ɓera. Ɓarauniyar zuma ce kuma, takan kutsa cikin amya da dare ta sha ta fito, sau da yawa ƙudan zuma ba su taɓa ta ba. Daga nan Afirka waɗansunsu kan tashi har Turai.

Abin da ke damuna shi ne yadda tsoron tsutsa guda kan sa a ɗauko maganin feshi a wanke lambu duka, tumatir na nuna, gobe a tsinka a kai kasuwa ko a zuba a miyar yara. Wannan tsutsa ɗai-ɗai take zuwa, ba ta yin runduna. Gaskiya ne tana da ci, guda ɗaya takan tsiraita reshe cikin kwana kaɗan, amma hannu ya ishe ta. A karya ganyen da take kai a fitar da ita daga lambu, shi ke nan. In a kan zaƙami aka same ta, a wanke hannu da sabulu, don ganyen ne ke da guba.

Waɗanda ya kamata ku kiyaya ba su yin ƙara ko kaɗan. Gizaka mai gashi, ita ce ke sa ƙaiƙayi da borin jini, kada a bar yara su ɗauke ta. Wadda kuma ta cinye tumatir a jihohin Kano da Kaduna a 2016, har kwando ya gagari talaka, 'yar mitsitsiya ce da ba ta kai rabin inci ba, a cikin ganye da 'ya'yan take ɓuya.

'Yan makaranta, ga aiki. In kun sami mai ƙahon, ku sa ta a gwangwani babba, ku zuba ƙasa mai ɗan danshi kamar inci 6, ku rufe da tsumma mai shara-shara. Kullum ku sa mata sabon ganye irin wanda kuka same ta a kai. Ku taɓa bayanta da tsinke a hankali, ku kasa kunne, ku rubuta abin da kuka ji. Ran da ta shige ƙasa ku rubuta kwanan wata, ku kafa ɗan kara a ciki, don in ta fito tana bukatar abin hawa ta rataya fukafukanta su bushe. Wadda tata ta fito ta rubuto mana kwana nawa ta yi a ƙasa.