Ko Ka Sani? Baƙin Akun da Gidansa Mataccen Itace Ne

A tsibirin Praslin na ƙasar Seychelles, can cikin Tekun Indiya, akwai wani kwari mai duhuwar itatuwa da ake kira Vallée de Mai. Faɗinsa bai kai hekta 20 ba, amma UNESCO ta sa shi cikin wuraren gadon duniya tun 1983. Janar Gordon, wanda aka kashe a Khartum a 1885, ya shiga kwarin a 1881, kyansa ya ruɗe shi har ya ɗauka nan ne gonar Adamu da Hauwa'u. Yawancin masu yawon buɗe ido suna zuwa ne don coco de mer, 'yar uwar giginya, wadda ƙwallonta ya fi na kowane tsiro a duniya nauyi. Amma a ganina, abin da ya fi cancantar a tsaya a saurara shi ne wani tsuntsu mai fito daga saman ganye.

Baƙin aku ake ce masa, ko da yake launinsa ya fi kusa da toka mai ruwan ƙasa. Shi ne tsuntsun ƙasa na Seychelles, kuma Praslin ce mazauninsa, babu shi a wata ƙasa. An daɗe ana lissafa shi cikin akun Madagaska, sai a 2014 aka amince jinsi ne mai zaman kansa.

Ba ya saƙa sheƙa. Idan coco de mer ta mutu, kanta ya faɗi, cikinta ya ruɓe ya zama kogo, a nan macen take shiga ta yi ƙwai. Wato itacen da wani zai ga kamar ya gama amfani, ya sare, shi ne ɗakin haihuwar wannan tsuntsu. Macen kan sadu da maza fiye da ɗaya, kuma su ne ke kawo mata abinci yayin da take kwanci. Abincinsu 'ya'yan itatuwan kwarin ne, amma sukan leƙa lambuna su taɓa mangoro da gwanda.

Abokan gabarsa baƙi ne da mutum ya kawo. Ɓeraye na hawa kogon su cinye ƙwai da 'yan tsaki. Tsirya kuwa, da aka shigo da ita a keji ta tsere ta yaɗu a tsibirin Mahé, tana iya ɗauko cutar da ke lalata baki da gashin aku. Gidauniyar Seychelles Islands Foundation, mai kula da kwarin tun 1989, ta bi tsiryar har aka sanar da kawar da ita a 2019. Wannan aiki ne da ya cancanci yabo.

Idan Allah ya kai ka Praslin, shiga kwarin da sassafe, ka rage murya, kada ka kauce wa hanyar da aka shata.