Kada Ka Sayar da Kwamfutarka Saboda Na'urar da Ba Ka Gani Ba

A makon jiya mutum huɗu suka turo mini saƙo iri ɗaya ta WhatsApp, dukkansu masu tace bidiyo. Saƙon ya ce akwai sabuwar na'urar tace fim da za ta iso bayan Sallah, wadda ba ta buƙatar kwamfuta ko manhaja. Wai ita kanta take yanka hoto ta haɗa, batirinta yana kwana uku, kuma nan gaba kaɗan YouTube zai daina karɓar aikin da aka tace a tsofaffin kwamfutoci. A ƙarshe aka ce duk mai so ya biya rabin kuɗi kafin alƙalami, kuma gara ya sayar da kwamfutarsa tun yanzu kafin darajarta ta faɗi. An haɗa da hoton wata 'yar baƙar na'ura mai maɓallai da wani faifai da ake juyawa da yatsa.

Na yi niyyar share maganar, sai wani ƙanena mai ɗaukar bidiyon biki ya ce mini har ya kai kwamfutarsa kasuwa an yi mata kuɗi. Shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Maganar YouTube ƙarya ce: shafin fayil ɗin da ka ɗora yake dubawa, ba ruwansa da injin da ya fito da shi. Batirin kwana uku ana aikin tacewa ba abu ne da wata na'urar kasuwa take yi ba. Batun cewa za ta tace fim da kanta kuwa, manhajojin zamani suna iya gano inda hoto ya canja, su rage hayaniya, wasu ma su rubuta abin da ake faɗa, amma zaɓen inda za a yanke kukan amarya a shiga rawar ƙawaye har gobe aikin edita ne.

Akwai gaskiya a cikin saƙon, kuma ita ce ta sa ya yi tasiri. An taɓa yin na'urar tace bidiyo mai zaman kanta. A tsakiyar shekarun 1990 kamfanin MacroSystem na ƙasar Jamus ya fitar da Casablanca, akwati kamar na bidiyon kaset wanda ake jona wa talabijin a yi aiki. Masu ɗaukar biki da makarantu a Turai da Amurka sun so ta saboda sauƙinta, a lokacin da kwamfutoci ke yawan tsayawa ana tsakiyar aiki. Amma ko ita, in ka buɗe cikinta, kwamfuta ce aka rufe: tana da ƙwaƙwalwa da rumbun ajiya da manhaja. Da kwamfutocin gida suka yi ƙarfi, kasuwar irin waɗannan akwatuna ta ja baya, har manhajar kamfanin mai suna Bogart ta koma aiki a kan Windows. Haka kuma gaskiya ne yau ana iya tacewa ba tare da kwamfutar tebur ba. Manhajar DaVinci Resolve ta sauka a kan iPad a ƙarshen 2022, Final Cut Pro ta biyo baya a watan Mayun 2023, ga kuma CapCut a wayar kowa.

Yanzu ga inda cutar take. Hoton da aka liƙa a saƙon ba na wata sabuwar na'ura ba ne. Sunanta DaVinci Resolve Speed Editor, kamfanin Blackmagic Design na Ostareliya ne ya yi ta, kuma ta shigo kasuwa a ƙarshen 2020 a kan dala 295. Allon maɓallai ne kawai. Ba ta da fuskar kallo, ba ta da wurin ajiye bidiyo, ba ta sarrafa hoto ko ɗaya. Aikinta shi ne a haɗa ta da kwamfuta ko iPad mai ɗauke da DaVinci Resolve, ta kebul ko ta Bluetooth, domin hannun edita ya yi sauri wajen nemo wuri da yankewa. Batirin da ke cikinta na kunna maɓallan ne kurum. Kaya ne mai kyau ga wanda yake da kwamfuta. Wanda ya sayar da tasa don ya saye ta, ya sayar da doki ya sayi linzami.

Ban ce babu kamfanin da zai sake ƙera akwatin tacewa mai zaman kansa ba. Abin da na tsaya a kai shi ne, saƙon nan bai ambaci sunan kamfani ba, bai faɗi lambar samfuri ba, bai nuna adireshin shago ba, kuma hoton da ya kafa hujja da shi na wani abu ne daban. Lambar asusun banki ce kaɗai aka rubuta dalla-dalla. Kamfanonin gaske kan sanar da kayansu a shafinsu, su nuna su a manyan baje koli irin NAB na Las Vegas a watan Afrilu ko IBC na Amsterdam a watan Satumba, masu gwaji su taɓa su yi bayani. Wannan kuwa cinikin biri a sama ne.

Wanda ya rubuta saƙon ya san abin da yake yi, domin ba a ɗauko hoton wata na'ura a sauya mata suna bisa kuskure. Masu turawa kuma, musamman manyanmu a sana'a da yara ke jin maganarsu, minti biyu na bincike ya ishe su kafin su danna. Duk wanda ya tura ba tare da dubawa ba yana da kaso a asarar yaron da ya biya.

Waɗanda suka yarda kuwa ban ga laifinsu sosai ba. Wanda ya taɓa kwana yana jiran aiki ya fita daga kwamfuta, wuta ta ɗauke saura kaɗan, ga mai biki yana buga waya, ya san dalilin da zai sa mutum ya yi fatan samun akwatin da zai raba shi da wannan wahala. Kyamarori sun koma 4K, wanda ɗigon hotonsa ya ninka na 1080 sau huɗu, alhali kwamfutocin da yawancinmu ke amfani da su na hannu ne. Ga kuɗin wata-wata na manhajar Premiere Pro, wanda nauyinsa ya ƙaru tun da aka saki naira a watan Yunin 2023. Masu shirya fina-finai masu dogon zango na YouTube kuma kowane mako sai sun fitar da sabon kashi. Matsalar gaskiya ce, maganin da aka tallata ne na bogi.

Mafita tana kusa, kuma ba ta kai kuɗin da ake nema ba. DaVinci Resolve tana da nau'in kyauta wanda ya isa yawancin aikin biki da na fim. In kwamfuta tana sarƙewa da 4K, a yi wa hotunan kwafi marasa nauyi, abin da editoci ke kira furoksi, a yi tacewar da su, sai a lokacin fitarwa manhajar ta koma kan na asali. Sauya tsohon rumbun ajiya da SSD da ƙara ram kan farfaɗo da injin da aka fitar da rai da shi. Ƙaramar inbata ko UPS tana tsare aikin dare guda daga ɗaukewar wuta.

In kuma wata rana sabuwar na'ura ta fito da gaske, ka tambayi abu huɗu kafin ka ciro kuɗi: shin tana buɗe fayil ɗin kyamararka, wa zai gyara ta in ta lalace, ana iya ƙara mata ƙarfi, kuma za ka iya kwashe aikinka zuwa wata manhaja? Sannan ka je da katin kyamararka, ka zuba hoton da ka ɗauka da hannunka, ka tace minti biyar a gaban mai sayarwa. Gani ya kori ji.

Ƙanena ya karɓo kwamfutarsa, kuma da ita ya gama aikin bikin da ke hannunsa. 'Yan'uwa masu wannan sana'a, kada wanda ya tura ko sisi zuwa asusun nan, kada wanda ya rabu da abin neman abincinsa. In saƙon ya iso gare ka, ka tsayar da shi a wayarka, ka kuma faɗa wa wanda ya turo maka cewa abin da ke hoton allon maɓallai ne, ba ya aiki sai da kwamfuta ko iPad.