Barci da Agogon Jiki: Abin da Mai Son Rage Ƙiba Ya Kamata Ya Sani

Duk wanda ƙiba ta dame shi har ya nemi shawara, abu biyu zai fara ji: rage ci, ƙara motsa jiki. Shawarar gaskiya ce. Sai dai mutane da yawa sun bi ta, sun rage loma, sun yi tattaki har sun jiƙe da gumi, amma nauyi ya ƙi sauka, ko ya sauka ya sake dawowa. Daga nan sai a ce ba su da juriya. Alhali tukunya ba ta zama a kan murhu mai dutse biyu. Dutse na uku a wannan sha'ani shi ne barci: yawansa, lokacinsa, da kuma lokacin da ake cin abinci.

Matsalar ba ƙarama ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2022 manya kusan miliyan 890 ne ke da ƙibar da ta wuce kima. Ana gane ta da lissafi mai sauƙi: a raba nauyin mutum na kilo da tsayinsa na mita, a sake raba amsar da tsayin. Idan ta kai 25, nauyi ya yi yawa. Idan ta kai 30, ƙiba ta zama cuta. A wurinmu har gobe akwai masu ɗaukar tumbi alamar hutu da samun wuri, amma hawan jini da ciwon suga da ciwon gwiwa ba su san wannan kirari ba.

A tsakiyar ƙwaƙwalwa, daidai saman inda jijiyoyin idanu biyu suke gittawa, akwai wani ɗan curi mai ƙwayoyin jijiya kusan 20,000. Shi ne babban agogon jiki, kuma zagayensa kusan awa 24 ne. Hasken da ke shiga ido ne ke saita shi kullum. Idan duhu ya yi, ƙwaƙwalwa na sakin sinadarin melatonin, wanda ke sanar da jiki cewa dare ya yi. Gab da wayewar gari kuma sinadarin kotisol ya hau, ya shirya mutum ga farkawa. Hanta, hanji, tsoka da kitse su ma kowanne na da nasa ƙaramin agogon, kuma lokacin cin abinci na da tasiri sosai wajen saita waɗannan. A 2017 aka ba masana uku 'yan Amurka, Jeffrey Hall da Michael Rosbash da Michael Young, lambar yabo ta Nobel a fannin likitanci saboda gano ƙwayoyin gadon da ke tafiyar da wannan agogo, binciken da suka yi a kan wani ƙaramin ƙuda mai bin 'ya'yan itace.

Ma'anar wannan ga mai ƙiba ita ce, jiki ba ya karɓar abinci iri ɗaya a kowane lokaci. Da safe ya fi jin umarnin insulin, sinadarin da ke kwashe suga daga jini. Da dare aikin yana yin sanyi. Kwanon shinkafar da aka ci da hantsi, idan aka ci irinsa da tsakar dare, ya fi ɗaga sugan jini.

Ƙarancin barci kuma yana taɓa yunwa kai-tsaye. Akwai sinadarai biyu da ke wannan aiki: leptin, wanda kitse ke saki don shaida wa ƙwaƙwalwa cewa akwai tanadi a jiki, da girelin, wanda ciki ke saki don tayar da yunwa. A 2004 masana a Jami'ar Shikago suka taƙaita barcin samari 12 zuwa awa huɗu har dare biyu. Leptin ɗinsu ya ragu da kashi 18 cikin ɗari, girelin ya ƙaru da kashi 28, kuma kwaɗayinsu ya fi karkata ga kayan zaƙi da na gishiri da masu sitaci. Ke nan wanda ya kwana ido biyu, ya wayi gari yana neman lemon kwalba da cincin, ba lallai raunin zuciya ne ke damun sa ba. Jikinsa ne ke kukan yunwar da babu ita.

Wani bincike na wannan jami'a a 2010 ya fi shafar masu ƙoƙarin ragewa. An sa mutum goma masu nauyi a kan taƙaitaccen abinci na mako biyu, sau biyu: sau ɗaya da damar barcin awa takwas da rabi, sau ɗaya da awa biyar da rabi. Nauyin da suka zubar kusan ɗaya ne, wajen kilo uku. Amma a lokacin gajeren barci, kitsen da ya narke ya ragu da fiye da rabi, sauran abin da ya zube kuwa tsoka ce da makamantanta. Ma'auni ya nuna nasara, alhali abin da ake son a kora yana nan zaune.

Abin farin ciki, gyara na yiwuwa. A 2022 Dakta Esra Tasali da abokan aikinta suka ɗauki mutum 80 masu nauyi da ke barcin ƙasa da awa shida da rabi. Rabinsu aka ba su shawara kan inganta barci kawai, ba a ce musu komai kan abinci ba. Barcinsu ya ƙaru da fiye da awa guda, kuma abin da suke ci ya ragu da kalori kusan 270 a rana idan aka gwada da sauran. Binciken na mako biyu ne, amma ya nuna alƙibla.

Batun lokacin cin abinci kuwa yana buƙatar a faɗe shi da adalci. A Sifaniya, inda abincin rana ne babban abinci, an bi mutum 420 masu shirin rage nauyi na mako 20, sakamakon da aka fitar a 2013. Masu cin na rana bayan ƙarfe uku sun zubar da nauyi ƙasa da masu ci da wuri, duk da cewa yawan abin da suke ci bai bambanta sosai ba. Amma a birnin Guangzhou na ƙasar Sin, wani gwaji na shekara guda a kan mutum 139 ya nuna cewa taƙaita ci tsakanin takwas na safe da huɗu na yamma bai ƙara wata fa'ida ta a-zo-a-gani ba a kan rage yawan abinci kaɗai. Darasin a fili yake: lokaci ba ya soke yawa. Ci da wuri yana taimakawa wajen danne yunwa da daidaita suga, amma wanda ya cika tumbi da rana bai tsira ba don kawai ya bar cin dare.

Idan muka dubi rayuwarmu, za mu ga inda gizo ke saƙa. Galibinmu muna tashi sallar asuba wajen ƙarfe biyar. Babba na buƙatar aƙalla awa bakwai na barci, don haka lissafi ya nuna ƙarfe goma ya kamata a ce an kwanta. Amma ƙarfe goma ne lokacin da majalisa ke cika, teburin mai shayi ke tashe da indomi da ƙwai da shayi mai kauri, mai tsire na yanka, wasu kuma na kan waya har ɗaya na dare. Ga zafin bazara da ɗaukewar wuta da sauro. A watan azumi ma wasu kan mai da dare rana, su yi ta ci daga buɗa-baki har sahur, su fito daga watan da nauyin da suka shiga da shi ko fiye. Tarbiyyar addini da ta hana doguwar hira bayan isha'i, ta kuma kwaɗaitar da ƙailula, ta dace da abin da jiki ke so.

Akwai waɗanda ba su da zaɓi: masu gadi, ma'aikatan jinya, direbobin manyan motoci, masu aikin gidan burodi. Bincike da dama ya nuna masu aikin dare sun fi fuskantar ƙiba da ciwon suga. Abin da ya fi musu shi ne su ci babban abincinsu kafin shiga aiki, su taƙaita da abu mara nauyi a tsakiyar dare, idan sun dawo kuma su kwanta a ɗaki mai duhu a lokaci guda kullum.

Sai kuma minshari, wanda ake mayarwa abin dariya. Kitsen wuya na iya matse maƙogwaro, numfashi ya riƙa tsayawa cikin barci sau da yawa a dare guda ba tare da mutum ya sani ba. Alamun wannan ciwo su ne minshari mai ƙarfi, shaƙewa da firgita cikin barci, ciwon kai da safe, da gyangyaɗi da rana ko da an daɗe a kwance. Ƙiba na jawo shi, shi kuma yana ɓata barci, ya ƙara gajiya da yunwa, ya ɗaga hawan jini. Mai irin waɗannan alamu likita ya kamata ya gani, musamman idan direba ne. Rage nauyi ko da kashi goma cikin ɗari na sauƙaƙa shi matuƙa.

Matakan gyara ba sa cin kuɗi. A tsayar da lokacin kwanciya da na tashi, har ranakun hutu. A fita cikin hasken safiya, domin shi ne ke saita agogo. A ci abincin dare awa biyu zuwa uku kafin kwanciya, a mai da mai nauyin zuwa rana. A bar shayi da kofi da goro tun daga la'asar, saboda sinadarin da ke cikinsu na daɗewa a jini. A ajiye waya nesa da shimfiɗa. Ƙailula kuma kada ta wuce minti 20 zuwa 30, kada ta kai yamma. Mai ciwon suga da ke shan magani ko yin allurar insulin, kada ya sauya lokutan cinsa sai da sanin likitansa.

Barci kaɗai ba zai narkar da kitse ba. Amma wanda ke rage ci alhali barcinsa awa biyar ne, yaƙi biyu yake yi a lokaci guda: da abinci, da kuma jikinsa. Saboda haka mai niyyar rage ƙiba, kafin ya ƙidaya lomarsa, ya fara ƙidaya awannin barcinsa na mako guda. Idan ba su kai bakwai a dare ba, daga nan gyara zai fara.