Kifin Ado Na Ruwan Teku A Yola: Lissafin Da Ya Kamata A Yi Kafin A Zuba Jari

YOLA — Mai otal ko shugaban kamfanin da ya taɓa sauka a Dubai ko Landan ba zai rasa ganin manyan tankunan gilashi cike da kifaye masu launi iri-iri a zaurukan karɓar baƙi ba, kuma ba abin mamaki ba ne idan ya dawo da sha'awar kafa irinsu a Jimeta. Sai dai kafin ya aika da kuɗi Legas, ya kamata ya san cewa irin kifin da ya zaɓa shi ne zai yanke girman tankin, da yawan wutar da zai sha, da abin da za a riƙa kashewa a kowane wata.

Tankin ruwan teku iri biyu ne. Akwai wanda ake rainon murjani mai rai a cikinsa, mai buƙatar fitilu masu ƙarfi da kulawa ta musamman, akwai kuma na kifi zalla. Na biyun ya fi sauƙin kuɗi, kuma shi ne ke ba da damar ajiye manyan kifayen da kan cinye murjani.

Duk da haka lissafinsa ba ƙarami ba ne. Ruwan teku na ɗauke da kimanin giram 35 na gishiri a kowace lita. Ke nan tanki mai cin lita 1,000 zai buƙaci kilo 35 tun ranar farko, kuma nauyin ruwan kaɗai ya zarce tan ɗaya, abin da ya wajaba a duba idan a bene za a ajiye shi. In ana sauya kashi 10 cikin 100 na ruwan duk mako biyu, za a ƙara kashe kimanin kilo 90 a shekara. Gishirin girki ba ya wannan aiki. Haɗi ne na musamman da ake shigowa da shi daga ƙasashen waje, kuma da dala ake ƙiyasta farashinsa. Dalar da ake canzawa a kan kimanin Naira 460 a hukumance kafin watan Yuni na 2023 ta haura Naira 1,500 a 2024.

Bugu da ƙari, akwai batun zafi. Waɗannan kifaye suna rayuwa ne a ruwan da ɗuminsa ke tsakanin digiri 24 zuwa 27 a ma'aunin Salshiyos, alhali a watannin Maris da Afrilu zafin Yola kan wuce digiri 40. Don haka na'urar sanyaya ruwa ta zama dole, haka ma janareta ko sola, domin ruwa mai ɗumi ba ya riƙe iskar oksijin sosai. Famfunan tankin in suka tsaya na wasu sa'o'i a tsakiyar bazara, ana iya wayar gari a tarar da jarin duka yana yawo a saman ruwa.

Wanda ya amince da wannan ɗawainiya, sai ya rubuta jerin kifayen da yake so kafin ya sayi ko ɗaya, yana la'akari da girman da kowanne zai kai idan ya balaga. Kifin zaki, mai dogayen ƙayoyi masu dafi, yakan kai kusan santimita 38, kuma yana haɗiye duk kifin da ya shiga bakinsa. Haɗa shi da ɗan kifin nan mai ruwan lemo da ratsin fari, wanda fim ɗin Finding Nemo na 2003 ya fito da shi, tamkar saya masa abinci ne da dala. Wanda 'yan kasuwar ke kira tiriga yana da haƙora masu ƙarfi da zafin rai, ga yawan ci da yawan ɓata ruwa. Jinsin tang kuwa mai kiwon gansakuka ne, yana son tanki mai tsawo don ninƙaya, kuma yakan yi faɗa da mai kama da shi a siffa ko launi. Babban anjel guda ɗaya ya ishi tanki.

Har ila yau, akwai tsari wajen zuba su. Ana barin sabon tanki na tsawon mako 4 zuwa 6 domin ƙwayoyin halittar da ke narkar da sinadarin amoniya su kafu. Daga nan sai a fara da masu sanyin hali, a bar mafaɗata zuwa ƙarshe, don kada su riga su mamaye wurin. Kowane sabon kifi ana keɓe shi na 'yan makonni a ƙaramin tanki, saboda cutar fararen ɗigo da kifi ɗaya zai iya yaɗa wa sauran.

Akasarin kifayen adon ruwan teku a Indonesiya da Filifin ake kamo su, su yi doguwar tafiya a cikin leda, su sauka Legas, sannan su sake hawa jirgi na fiye da kilomita 1,000 zuwa filin jirgin saman Yola. Duk wanda ya mutu a hanya, kuɗinsa na komawa ne kan farashin waɗanda suka rayu. Kazalika dokar kamun kifi a ruwayen cikin ƙasa ta 1992 ta hana shigo da kifi mai rai ko fitar da shi ba tare da izinin hukuma ba, don haka ya dace mai saye ya nemi ganin takardun dillali.

A nan ne ya kamata ɗan kasuwar Adamawa ya waiwayi Kogin Binuwai da Tafkin Gerio da madatsar ruwa ta Kiri. Gwando, da kurungu, da bargi, da yauni, da talibambam, da minjirya, duk jinsuna ne da masu sha'awar kifin ado a Turai da Amurka da Japan ke saye, kuma Nijeriya ta daɗe tana fitar da irinsu ta Legas. Ba su buƙatar gishiri, sun saba da ruwa mai ɗumi, kuma gwando da yauni da bargi suna iya shaƙar iska daga saman ruwa, abin da ke taimaka musu idan wuta ta ɗauke. Su ma da ƙa'idarsu: yauni kan zarce mita ɗaya da rabi kuma ba ya zama da kowa, haka talibambam da minjirya an fi ajiye su su kaɗai.

Masu iya magana sun ce iya ruwa fid da kai. Mai otal ɗin da ke da wutar da ba ta yankewa da kasafin dala na shekara-shekara yana iya riƙe tankin ruwan teku. Wanda bai kai haka ba zai iya ƙawata zaurensa da kifin Binuwai a kan kuɗi kaɗan, kuma cinikin da zai yi da masuntan Jimeta na iya zama mafarin koya musu kamawa da adana kifi da ransa, sana'ar da kasuwarta ke biya da kuɗin waje.