AN CE MAKA KANSAR FUROSTET CE MAI SAUƘI? KADA KA YI GAGGAWA, KADA KUMA KA GUDU



Sau da yawa magidanci kan zo min da takardar asibiti a hannu, jikinsa a sanyaye, ya ce: "Malam, an ce ina da kansa. A yanka ni ko in sha magani?" To ɗan uwa, idan kai ne ko wani naka, tsaya ka karanta.

Furostet wani ɗan ƙullutu ne da ke ƙasan mafitsarar namiji, hanyar fitsari ta ratsa ta cikinsa. Kansarsa iri-iri ce, akwai mai gudu, akwai mai rarrafe. Likita yana kiranta mai sauƙi ne idan abu uku sun haɗu: awon jinin da ake kira PSA bai kai 10 ba, makin Gleason na ɗan naman da aka ɗiba aka auna ya tsaya a 6, sannan ciwon bai fita daga cikin ƙullutun ba. Ka sa likita ya nuna maka ukun nan a takardarka.

Idan haka ne, hanya uku ce a gabanka.

1. SA IDO. A bar ƙullutun, amma a riƙa awon PSA kamar duk wata shida, a riƙa ɗaukar hoton MRI, lokaci-lokaci a sake ɗibar nama. Da zarar an ga ciwon ya motsa, sai a yi aiki.

2. TIYATA. A cire ƙullutun ɗungurungum. Illar da aka fi sani ita ce yoyon fitsari da raunin mazakuta. Wasu suna farfaɗowa, wasu kuwa abin ya zauna musu.

3. GASHI DA NA'URA. Ba yanka, amma yana iya taɓa hanji da mafitsara, shi ma yakan raunana mazakuta sannu a hankali. Ga shi ba kowane asibiti ke da na'urar ba, sai ka lissafa tafiya da masauki.

Wanne ya fi tsawaita rai? A Birtaniya an yi wani bincike mai suna ProtecT a kan maza 1,643, aka raba su hanyoyin nan uku, aka bi su shekara 15, sakamako ya fito a 2023. A kowane rukuni, kusan mutum 2 zuwa 3 cikin 100 ne kansar ta kashe. Sai dai ciwon ya bazu a jikin kusan 9 cikin 100 na masu sa ido, alhali a sauran biyun kusan 5 ne cikin 100. Ka ga kowace hanya da kuɗinta. Kuma mafi yawan waɗanda aka yi binciken a kansu Turawa ne, mu kuwa baƙar fata ciwon nan ya fi kama mu. Saboda haka in ka zaɓi sa ido, kada ka tsallake awo ko sau ɗaya.

Yanzu bari in faɗa maka gaskiya a matsayina na mai ba da magani. Zuma da habbatus sauda da man zaitun abubuwa ne masu albarka, amma ba zan ce maka suna cire kansa ba. Sa ido ba yana nufin ka naɗe takarda ka koma gida kana shan jiƙo ba. Wanda ya yi haka bai zaɓi komai ba, gudu ya yi. Duk abin da kake sha kuma ka gaya wa likita, domin maganin Finasteride ma da ake bayarwa don kumburin furostet yana sauke awon PSA da kusan rabi. Kafin awo, ka ƙaurace wa iyali kwana biyu, kuma in kana da ciwon fitsari ka faɗa, don duk suna ɗaga awon.

Kafin ka yanke shawara, tambayi kanka: shekarata nawa, yaya sauran lafiyata? Mahaifina ko ɗan uwana ya taɓa yi? Zan iya jure zuwa asibiti shekara da shekaru? Zuciyata za ta natsu alhali na san abin yana jikina? Ka zauna da uwargida, domin ita ma tana da haƙƙi a maganar. In da hali ka ji ta bakin likitan mafitsara na biyu.

Mai jin tsoron tiyata saboda tsarki, ka kwantar da hankalinka. A mazhabar Malikiyya, yoyon fitsarin da ya lizimci mutum rabin lokaci ko fiye ba ya warware alwala.

Ciwo mai sauƙi ya ba ka makonni na tunani. Ka yi shawara, ka yi istihara, sannan ka riƙe abin da ka zaɓa.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, amin. A tura wa iyayenmu da yayyenmu.